Filin Likitan Dabbobi: Zomanyarmu ta kwana 34 da ciki, har yanzu shiru

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ɗana mai shekara 11 yana da wata farar zomanya da kawunsa ya ba shi, yaran gidan suna kiranta Auduga. Ba don sayarwa muke kiwonta ba, ta riga ta zama 'yar gida. A tsohon madafinmu take zaune tare da wata macen, kuma ɗakin ba a yi masa siminti ba. Watan jiya muka kai ta wurin namijin maƙwabcinmu ranar Juma'a, muka ɗauko ta ranar Litinin. Yau kwana 34 ke nan daga ranar da muka kai ta. Kwana huɗu da suka wuce muka ga tana tsige gashin ƙirjinta, tana ɗibar harawa a baki, muka ce haihuwa ta zo. Har yau shiru. Tun jiya kuma ta rage cin abinci, dusar da aka zuba mata ko rabi ba ta ci ba. Maƙwabcin ya ce mu sayo allurar naƙuda a kemis, irin wadda ake yi wa akuya. Yaron nan ko makaranta da ƙyar yake tafiya. Yaya za mu yi?

Wata uwa, daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana yaron, ya ƙara masa tausayin dabba. Ranar da saƙonki ya iso na mayar miki da gajeriyar amsa, domin irin wannan magana ba ta jiran fitowar mujalla. Ga cikakken bayanin a nan, saboda sauran masu kiwo su ma su amfana.

Mu fara da lissafi. Cikin zomanya kwana 31 ne a mafi yawan lokuta. Wata takan sauka a kwana 29 ko 30, wata ta kai 32 ko 33, musamman idan 'ya'yan ba su da yawa. Mai ɗauke da biyu ko uku ta fi jinkiri, kuma 'ya'yan nata sukan yi girma fiye da na mai bakwai ko takwas. Ita zomanya barbarar ce ke sa ta sakin ƙwai, kamar awa 10 bayan namiji ya hau ta, don haka ranar barbara ce ranar fara ƙirga. To ku kwana uku kuka bar ta a can. Idan ranar Juma'ar ta karɓi namijin, lallai kwana 34 ne. Idan kuwa ta yi ta gudunsa sai ranar Litinin, kwana 31 ne kacal. Tazarar kwana ukun nan babba ce, domin 'ya'yan da suka wuce kwana 34 a ciki kusan kullum a mace suke fitowa. Ni idan aka kawo mini irin wannan, lissafin da ya fi muni nake ɗauka, in yi aiki da shi.

Amma kafin komai, Hajiya, a shiga madafin nan da fitila a duba shi lungu-lungu. Abu biyu a saƙonki suka tsaya mini a rai: ɗakin ƙasa ne, kuma ta tsige gashi kwana huɗu da suka wuce. Zomanya ba ta cika tsige gashi ba sai haihuwa ta rage kwana ɗaya ko biyu, wata ma sai sauran 'yan awoyi. Akwai yiwuwar ta riga ta haihu ba ku sani ba.

Na taɓa ganin haka da idona. Wani bawan Allah ya kawo mini zomanyarsa a kwali, yana rantsuwa yau kwana 36. Na shafa cikinta na ji babu komai, nonuwanta kuwa sun cika, gashin kewayensu ya zube, da na ɗan matsa ɗaya sai ga ruwan nono. Muka bi shi gida. A bayan wata tsohuwar randa muka ga ƙasa sabuwa, an turo ta an dandanƙare kamar da hannu. Na yaye ta a hankali, na zura hannu har gwiwa, sai na ji ɗumi da motsi. 'Ya'ya shida ne kwance cikin gashin uwarsu, cikinsu tim da nono, har gashi ya fara tsiro musu.

Halinta ke nan. Takan haihu da asuba, cikin ƙasa da minti 30, ta cinye mabiyiya, ta lashe jinin, ta lulluɓe 'ya'yan, ta toshe bakin ramin, ta fito ta ci gaba da harkarta kamar ba abin da ya faru. Sau ɗaya, ko biyu, take komawa a kwana, yawanci da dare, ta shayar da su minti uku zuwa biyar ta sake rufewa. Mai gida sai ya ɗauka ba ta damu da su ba, alhali nisantar da take yi ita ce kariyarsu daga ɓera da kyanwa da maciji. Idan kun same su, a taɓa su babu komai, uwar ba za ta ƙi su don warin hannu ba. A ƙirga, a cire wanda ya mutu, a duba cikinsu: wanda ya ƙoshi cikinsa a cike yake, wanda bai samu nono ba fatarsa takan yamutse. Sai a mayar da gashin yadda yake. Tsirara ake haifarsu, idanu a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗewa, saboda haka sanyi kaɗan na iya kashe su.

Idan an duba babu rami, babu 'ya'ya, to sai a koma kan ita kanta. Rage cin abinci kwana ɗaya kafin haihuwa ba abin tsoro ba ne. Abin tsoron shi ne ta daina ci gaba ɗaya. Hanjin zomo ba ya son tsayawa, idan ta yi awa 12 ba ta sa komai a baki ba, ko kuka ga ba ta yin kashi, rayuwarta na cikin haɗari ko da cikin ko babu. A gwada ta da ɗanyen ganyen dankali ko na zogale, abin da ba ta saba ƙi ba. Idan ta kau da kai, ko tana yunƙuri ba abin da ke fitowa, ko jini ko wani baƙin ruwa mai wari na zuba ta bayanta, ko ta takure wuri guda tana cizon haƙora kunnuwanta sun yi sanyi, kada a kwana. Zomanyar da aka shagwaɓa da dusa har ta yi ƙiba ta fi shiga wannan hali a ƙarshen ciki, kuma 'yan gida irin Auduga su ne suka fi ƙiba.

Maganar allura kuwa, don Allah kada ku yi. Na san maƙwabcinku da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma gaskiya ne likitoci na amfani da allurar oksitosin idan zomanya ta wuce kwana 32. Amma sai an duba an tabbatar hanya a buɗe take. Aikin allurar shi ne ta sa mahaifa ta matse da ƙarfi. Idan ɗa ya gitta, ko ya fi ƙarfin ƙugun uwar, matsewar ba ta da inda za ta tura shi, sai mahaifar ta yage, zomanyar ta mutu a gabanku. Ga kuma batun awo: Auduga ba za ta wuce kilo uku ko huɗu ba, akuya kuwa ta ninka ta sau da yawa. Haka nan kada a fasa kafso a zuba mata a ruwa. Ampiclox da amoksisilin, waɗanda ake samu a kusan kowane gida, idan zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, ya kamu da zawon da ba ya tashi. Na ga zomaye da yawa da maganin ne ya kashe su, ba cutar ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

Ku fara da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Hannun da ya saba zai gane ko akwai 'ya'ya a ciki. Idan ana buƙatar hoto ko tiyata, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, kan hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa Zariya. Ku tafi da sanyin safiya, a kwali mai huji da harawa a ciki, kada a sa ta a but. Wajen ɗauka a tallafe ta ta ƙirji da ɗuwawu, ban da ratayo ta da kunne. Kada kuma a hana ta abinci wai don za a yi aiki, zomo ba ya amai. Idan 'ya'yan sun mutu dole a fitar da su, domin ɗan da ya zauna a mahaifa ko dai ya ruɓe ya sa wa uwar guba, ko ya bushe ya hana ta sake ɗaukar ciki.

Zai yiwu kuma likita ya ce babu cikin tun asali. Zomanya tana yin cikin ƙarya: ta saki ƙwai ba tare da ya haɗu da maniyyi ba, nono ya kawo, ta haɗa sheƙa, bayan kwana 16 zuwa 18 komai ya wuce. Ko 'yar uwarta mace ce ta hau ta, hakan na iya faruwa, ga shi kuwa su biyu ne a ɗakin. Idan kuma da bazara aka yi barbarar, zafin Maris zuwa Mayu yakan raunana maniyyin namiji na tsawon makonni.

Nan gaba a kai ta wurin namijin, a tsaya a gani. Idan ya gama zai faɗi ta gefe da ɗan gurnani, sai a ɗauko ta a rubuta ranar, ko da gawayi ne a jikin bango. A kwana 12 zuwa 14 wanda ya iya zai shafa ya ji 'ya'yan kamar ɗinya, amma kada yara su gwada, matsa kaɗan na zubar da ciki. A kwana 28 a raba ta da ɗayar macen, a ajiye mata akwati da busasshiyar ciyawa. Kada namiji ya kusance ta bayan haihuwa, domin a ranar ma tana iya ɗaukar wani cikin. Sannan ruwa. Har yanzu ina jin masu cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Yana sha, mai ciki da mai shayarwa kuwa sun fi kowa buƙata, kuma ƙishirwa na cikin abin da ke sa uwa ta cinye 'ya'yanta.

Ki ba yaron aikin da zai ɗauke masa hankali daga kuka: ya wanke mazubin ruwanta ya cika safe da yamma, ya share inda take kashi domin a gane ko tana yin sabo, ya kuma riƙe fitilar idan za a duba madafin. Har yanzu ina jiran in ji abin da kuka tarar, Hajiya, ki daure ki rubuto.