Talibambam ɗinmu ya daina ci kuma yana ta ƙanƙancewa, ciwo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina nan Garin Malam cikin Zinder. Da aka yi ruwan watan Agusta yarana suka ɗebo talibambam daga kududdufin bayan gida muka zuba a bokiti cikin zaure. Na kududdufin tuni sun zama kwaɗi sun watse amma namu sai yanzu suke fidda ƙafa, kuma wanda ya yi ƙafa huɗu ya daina cin komi yana ta ramewa. Ciwo ne ko yunwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya yaran nan, wallahi na ji daɗi da suka tsaya kallon abinda mutane ke tsallakewa su wuce. Lafiyarsa lau, ba ciwo bane.

Bari in fara da jinkirin. Mu mutane jikinmu na nan wajen digiri 37 ko ana sanyi ko ana zafi, amma kwaɗo da ɗansa ba su haɗa zafin jiki da kansu, yadda ruwa yake haka jikinsu yake. In zafin ruwa ya ƙaru da digiri 10, saurin da jiki ke ƙona abinci ya samu ƙarfi yana ninkawa kamar sau 2 zuwa 3. To kaga kududdufin da rana ke duka tun safe ga gansakuka ta cika shi, da bokitin da ke inuwar zaure, ai ba ɗaya ba. In kuma kun cusa su da yawa a bokiti guda, cunkoson ma kansa yana rage musu girma.

Amma ga inda mutane ke ruɗewa, girma daban rikiɗa daban. Girma aikin abinci ne. Rikiɗa kuwa, wato fitar ƙafa da ɓacewar wutsiya, wani sinadari ne ke bada umurni, mai fitowa daga tayirod, abin nan na wuya da in ya kumbura wa mutum muke ce ma maƙoƙo, kuma da ayodin ake haɗa shi. Tun 1912 wani masani Gudernatsch ya ciyar da talibambam da tayirod na doki a birnin Prague, sai suka rikiɗe da wuri suka zama 'yan mitsi-mitsin kwaɗi ba su ko gama girma ba. Shi yasa in kududdufi ya fara ƙafewa talibambam ke gaggauta rikiɗa, wahalar tana sa jiki ya saki wani sinadarin da ke ƙara ma na tayirod ƙarfi, ya fito ƙarami amma dai ya tsira da ransa, ga mu nan da damina ba ta wuce wata 3 zuwa 4 ba wannan ba ƙaramin abu bane. A hamadar Amurka akwai kwaɗon da ke gama komi cikin kwana 10 ko ƙasa da haka, wani babban kwaɗonsu kuma a wuraren sanyi sai ya shekara 2 yana talibambam.

Yanzu naka da ya daina ci. Ka duba bakinsa da kyau, za ka ga ɗan ƙaramin bakin nan da yake kankarar gansakuka da shi yana tsagewa yana faɗi har ƙarƙashin ido. Cikinsa ma haka, hanjin talibambam dogo ne a naɗe kamar gammo saboda ganye yake narkewa, yanzu ana rushe shi ana gina gajere na mai cin ƙwari, abin shaƙar iska cikin ruwa yana ɓacewa huhu na karɓar aiki. To da wane baki zai ci, ina abincin zai sauka? Duk wannan aikin kuma ƙarfi yake ci, sai jiki ya koma kan kitsen da ya tara lokacin da yake ci ba dare ba rana, da wutsiyar kanta. Wutsiyar ba guntulewa take ta faɗi ba kamar yadda yara ke zato, narkewa take jiki ya shanye ta. Shi yasa nauyinsa ke raguwa sosai a 'yan kwanakin nan, kuma wanda ya shiga wannan mataki da ƙiba yafi samun fita lafiya.

Abinda za ku yi yau ɗin nan, ku rage ruwan ku sa dutse ko ɓallin tukunya da ya ɗan fito sama, dan da zaran huhu ya kama aiki in bai samu wurin hawa ba nutsewa zai yi, na sha ganin haka kuma abin na ban tausayi. Sauran da ba su fidda ƙafar gaba ba a ci gaba da ba su dafaffen ganyen salati kaɗan kaɗan, a kai bokitin inda hantsi ke taɓawa amma ba ranar tsaka ba, ruwa in ya yi zafi da yawa iskar da ke cikinsa raguwa take. Ruwan pampo kuma a bari ya kwana kafin a canza musu saboda maganin da ake sa mai. In wutsiya ta ƙare sai ƙwari masu motsi zai ci, ba za ku iya ciyar da shi ba, ku sa yara su maida shi bakin kududdufin da yamma in rana ta yi sanyi.