Za a iya ganin hasken aurora daga Jigawa?

Malam, ka tambaya daga Gumel ko jan hasken da ka gani a hotunan Facebook, wanda ake kira aurora, zai iya bayyana a samanmu. Da ƙyar ne ƙwarai.

Rana kan yi aman iskar gas mai ɗauke da lantarki, ta iso duniya cikin kwana 1 zuwa 3. Maganaɗisun duniya ne ke karkatar da ita can ƙuryar arewa da ta kudu, inda take karo da iskar oksijin, sai haske ya fito: kore a tsayin kilomita 100 zuwa 150, ja kuwa sama da kilomita 200. Saboda tsayinsa, jan ake hangowa daga nesa. In aman ya yi ƙarfi ana kiransa guguwar rana; a ta 10 ga Mayu 2024 an gan shi har Meziko, a 1859 har Kuba. Mu kuwa muna daf da tsakiyar maganaɗisun, nesa da ƙuryar arewa da ta kudu duka.

Masana na auna ƙarfin guguwar da ma'aunin Kp, daga 0 zuwa 9. Ta 2024 ta kai 9. Hukumar NOAA ta Amurka na wallafa shi kyauta a intanet.

Abin da ke shafarmu shi ne sadarwa. A irin wannan lokaci, rediyon gajeren zango kan dushe da rana tsaka, ba laifin batir ba. GPS ma kan yi kuskuren mitoci da dama, don haka mai awon gona, in Kp ya kai 7, ya ɗage aikin, kada a dasa rigimar iyaka.

Jan da kake gani da daddare a kaka, galibi gobarar daji ce.