Zaman jiran dashen zuciya tsakanin miji da mata

'Yar'uwa, Allah Ya ba maigidanki lafiya. Kin ce tun da aka sa shi cikin masu jiran dashen zuciya ya rage magana, ke kuma barci ya ƙaurace miki saboda sauraron kiran wayar asibiti cewa an samu zuciya.

Fargabar tana da dalili, domin zuciyar da aka cire ba ta jure fiye da kimanin awa 4 zuwa 6 kafin a dasa ta, kuma yakan faru a kira ku, ku isa asibiti, sannan a ce ba ta dace ba. Ku tattauna wannan tun yanzu.

Sau da yawa shirunsa nauyin tunanin cewa samun lafiyarsa na jiran rasuwar wani ne. Babban kuskure shi ne kowannenku ya ɓoye tsoronsa don kada ya tayar wa ɗan'uwansa hankali, har hirarku ta koma ta rage gishiri a abinci da ƙwayoyin magani kawai. Ki bar dangi su riƙa karɓarki jinya.

Idan damuwar ta wuce mako 2, ko ya fara ƙin shan magani, ku nemi likitocinsa su haɗa ku da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kada ya sha maganin barci ko na gargajiya sai da izininsu.