Karanta labari da waƙa a azumin Lent, ya halatta?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni 'yar Katolika ce, tun Larabar Toka, ranar da ake fara azumin Lent na kafin Ista, na ajiye Facebook da kallon fim, amma dare na min tsawo sai in ɗauki littafin labari ko na waƙoƙi. Yayata ta ce wai na ɓata azumina, Littafi Mai Tsarki kaɗai ake karantawa. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa azuminki na nan, bai ɓaci ba. Abin da ikilisiya ta ɗora miki shi ne azumi ran Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau (ranar tunawa da gicciye Yesu), sai barin nama ranakun Juma'a, ba ta ce komai kan littafi ba.

Kuma ai Littafi Mai Tsarkin da yayarki ta ce a riƙe ɗin shi kansa cike yake da waƙa da labari. Zabura 150 duk waƙoƙi ne. Littafin Makoki waƙoƙi biyar ne na kukan faɗuwar Urushalima a hannun Babila. To ki duba 2 Sama'ila sura 12, lokacin da Dauda ya ɗauke matar Uriya ya sa aka kashe shi, annabi Natan bai zo mai da wa'azi ba, labari ya shirya mai na wani attajiri da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani talaka ya yanka wa baƙonsa, Dauda ya fusata har ya yanke hukunci kafin ya gane ashe kansa yake yanke wa. Daga nan Zabura 51 ta fito, wadda ake rerawa ran Larabar Tokar nan.

Tun ƙarni na 6 ma, a dokar da Benedict ya rubuta wa masu zaman zuhudu a Italiya, in Lent ya zo kowa ana ba shi littafi ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe, ba tsallake.

Inda zan goyi bayan yayarki kaɗan: in littafin soyayya ne da zai riƙe ki har ƙarfe biyun dare ki kasa tashi addu'ar safe, to fa Facebook ɗin ne ya dawo ta taga. Ki zaɓi guda ɗaya mai taɓa zuciya, ki bi shi a hankali, bayan kin gama karatun Littafi Mai Tsarki na ranar, ba a madadinsa ba. Waƙa kuwa ɗaya ta isa a dare, ki karanta ta a fili, ko ki kira Yaya ta saurara.