Bambancin konchato da simfoni

Ɗan'uwa ka tambaya mene ne konchato kuma ina ya bambanta da simfoni, to ai abin ba wuya. Dukansu kiɗan Turawa ne. A simfoni duk makaɗan okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, tare suke tafiya, a konchato kuwa akwai mutum ɗaya a gaba da kayan kiɗansa, fiyano ko bayolin (gogen Turawa), yana yi suna mayar masa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa, wani lokaci ma sai ka ji kamar gardama suke yi.

Konchato yawanci kashi uku ne, na farko da sauri, na tsakiya a hankali, na ƙarshe a koma sauri. Kalmomin da za ka gani a rubuce na Italiyanci ne, allegro sauri, adagio sannu sannu, andante kamar tafiyar ƙafa, forte a buga da ƙarfi, piano a sassauta.

Inda ni ya fi taɓa ni shi ne kadenza. Wajen ƙarshen kashin farko sai okestira ta yi tsit, masu bayolin su sauke kayansu, a bar makaɗin nan na gaba shi kaɗai ya nuna gwanintarsa, a zamanin Mozart, shahararren mai tsara kiɗa, ma nan take makaɗi yake ƙirƙiro ta daga kansa, wallahi tsigar jikinka sai ta tashi.

In za ka fara saurare, fara da Vivaldi, mai tsara kiɗa na birnin Venis a Italiya, ya rubuta konchato wajen 500, waɗanda suka fi shahara su ne huɗun nan na yanayoyin shekara da aka wallafa a 1725. Gajeru ne, ba za su gundure ka ba. Kuma in ka je zauren kiɗa kar ka tafa tsakanin kashi da kashi, sai an gama duka.