Zan iya ajiye murhun bandar nama a kan dandamalin katako?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi murhun bandar nama na ƙarfe, irin mai aiki da gawayi da itace, wanda akwatin wutarsa ke gefe guda. A bayan gidana akwai dandamalin katako manne da bango, rabinsa a ƙarƙashin rumfa. A nan nake so in kafa murhun don ya fi kusa da kicin. Maƙwabcina ya ce ganganci ne, ni kuwa gani nake wutar banda ai ba ta ruruwa. Don Allah ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka ya fi ka kusa da gaskiya. In kana da fili a ƙasa, ko daɓen siminti, ko tsakuwa, ko ma tsurar ƙasa, to sauko da murhun can, shi ne zaɓina na farko. In kuwa dandamalin ne kaɗai gare ka, ana iya yi, amma da sharuɗɗan da ba a sassauta ko ɗaya.

Bari in fara da maganarka ta cewa wutar banda ba ta ruruwa, don a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Gaskiya ne zafin da naman ke sha ba shi da yawa, yawanci digiri 107 zuwa 121 ne a ma'aunin Salshiyas. Sai dai wannan zafin ɗakin naman ne. Akwatin wutar da ke gefe ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya fi kusa da ƙasa. Ga kuma daɗewa. Gashi na rabin awa ne kana tsaye a kansa, banda kuwa takan ci awa 6, 10, wani lokaci har a kwana. Duk tsawon wannan lokaci ƙarfen yana turo zafi kan katako guda, yana busar da shi, yana babbaka shi a hankali, mako bayan mako. Katakon da ya sha irin wannan gashi ya fi saurin kama wuta. In kuma dandamalin na haɗin garin katako da roba ne, ya kan yi laushi ya lanƙwashe tun kafin a kai ga gobara.

Saboda haka ka fara da abin da ke ƙarƙashin murhun. 'Yar tabarmar nan da ake sayarwa don shimfiɗawa ƙarƙashin magasa tana tare maiƙo da ɗan tartsatsi, amma kada ka dogara da ita ita kaɗai, don siririya ce, zafi na ratsa ta. Ka jera falalen siminti ko bulo, su zarce murhun ta kowane ɓangare, musamman gaban ƙofar akwatin wuta, da kamar rabin mita ko fiye, domin nan garwashi ke faɗowa duk lokacin da ka buɗe za ka ƙara itace. Ka bar rata tsakanin gindin murhun da falalen don iska ta riƙa wucewa. Bayan awa biyu da hura wuta, ka ɗora tafin hannunka a kan katakon da ke dab da wurin. In ba za ka iya barin hannun a kai ba, kariyar ba ta isa ba.

Sai tazara. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ƙafa 10, wato kusan mita 3, daga bango da duk abin da ke iya ci da wuta. Kundin dokokin gobara da jihohi da birane da yawa na Amurka ke aiki da shi ma ya hana hura gawayi a barandar katako ko cikin wannan tazara a gidajen haya masu iyalai da yawa, amma ya ware gidan iyali ɗaya ko biyu. In a haya kake, duba yarjejeniyarka da dokar garinku tun kafin ka hura. Shingen dandamalin ma katako ne, a nisance shi.

Rumfar nan kuwa, ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Zafi da hayaƙi sama suke yi, in kitse ya kama wuta harshenta kan tashi ya lashi rufi cikin daƙiƙoƙi. Akwai kuma iskar kabon monoksaid da gawayi ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. A ɓangaren da sama ke buɗe za ka kafa murhun, ba ƙarƙashin reshen bishiya ba, ka kuma rufe ƙofa da tagogin da ke kallon wurin. Ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, ka haƙura da bandar.

Abin da ya fi damuna a dandamali shi ne ratar da ke tsakanin katakai. Ƙwayar garwashi ɗaya za ta zurara ta nan ta faɗa kan busassun ganye a ƙasa, ba ka gani ba, ta yi ta cinyewa har kowa ya yi barci. Raina kama ka ga gayya ke nan. Ka share ƙarƙashin dandamalin tas, kada ka tara itace ko buhun gawayi a can. Kuma kada ka hura gawayin a kan katako sannan ka kwaso shi zuwa murhu.

Kitse ma a kula da shi: ka rataya gwangwanin tarar maiƙo, ka zubar bayan kowace banda, ka kankare cikin murhun. In ya kama wuta, rufe murfi da duk kafofin iska, kada ka watsa ruwa, don ruwa fantsama kitse yake yi. Tukunyar kashe gobara mai hoda da bokitin yashi su kasance kusa da hannu. Yara da dabbobi su tsaya aƙalla mita 1 daga murhun, ƙafafunsa kuma su zauna daram, a danne tayoyin.

Kada ka bar shi yana ci ka fita unguwa ko ka kwanta. In naman na buƙatar kwana a wuta, wannan aikin na ƙasa ne, ba na dandamali ba. Da ka gama, toshe kafofin iska wutar ta mutu da kanta, ka ba tokar awa 48, don garwashi na ɓuya a cikinta da ransa. Sannan ka kwashe ta cikin bokitin ƙarfe mai murfi, ka sauke bokitin ƙasa, nesa da katako da bango.