Tsohon irin hatsinmu na ɓacewa: mu toshe shi a bido ko mu kai bankin iri?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a karkarar Madarunfa. Tun da irin hatsi na HKP mai saurin nuna ya shigo, Zangon da muka gada wurin iyaye ya yi ƙaranci, gidaje kaɗan suka rage da shi a garinmu. Wani mai saida maganin gona ya ce mu zuba shi a bido, mu jefa ƙwayar magani mu toshe, zai yi shekara 20. Wasu kuma sun ce in muka ba ma'aikatan bincike, Turai za a kai shi, mun rabu ke nan. Ina mafita?

Amsa: Baba, hankalinku ya tashi inda ya dace. HKP ɗin kansa daga tsohon irin manoma mai suna Haini Kire aka zaɓo shi. In tsofaffin suka ƙare, masu bincike ba su da inda za su ɗebo jure fari ko jure cuta gobe.

Zancen Turai gajere ne. Bankin iri ɗan kaɗan yake karɓa, ba ya kwashe muku rumbu. Akwai ma'ajiyar cibiyar binciken gona ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, takwararta IITA ta Ibadan na riƙe da irin wake fiye da 15,000, kuma ana kai kwafi babbar ma'ajiyar iri ta Svalbard a ƙasar Norway, wadda aka buɗe a 2008. Wanda ya ajiye a can shi ne mai kayansa: da yaƙin Siriya ya raba cibiyar binciken gona ta ICARDA da ma'ajiyarta ta Aleppo, a 2015 ta ɗebo nata ta sake shukawa a Labanon da Maroko. Ku kai tiya guda wurin INRAN, cibiyar binciken gona ta ƙasa, a reshenta na Tarna kusa da Maraɗi, a rubuta sunan irin da na garinku, ku nemi shaidar karɓa, ko da za a yi ta muku "dawo gobe".

Maganar mai maganin nan ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ji ta. Iri abu ne mai rai, yana numfashi, yana tsufa, yana mutuwa. Ƙwayar da ake jefawa, Phostoxin, ƙwari take kashewa, ba ta ƙara wa iri ko kwana ɗaya. Guba ce kuma, hayaƙinta na kashe mutum in aka ajiye a ɗakin kwana. Abin da ke cinye ran iri zafi ne da danshi. A bankin iri sai an busar da shi danshinsa ya sauko tsakanin kashi 3 zuwa 7 cikin 100, a liƙe shi, a sa a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Duk da haka ana ciro shi lokaci-lokaci a gwada, in tsirarsa ta faɗi ƙasa da kashi 85 na yadda take da farko, a kai gona a sabunta. To, in masu wannan kayan aiki ba su yarda su rufe su manta ba, ina ga bido ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu na Maraɗi? Abin takaicin, mataccen iri ba ya nuna alama. Ka buɗe ka gan shi fes, babu huda ko ɗaya, ka shuka a ruwan farko, kwana bakwai gona fayau. Lokacin mai maganin ya ci kasuwarsa, maƙwabcin da za ka roƙa kuwa shi ma bido ya dogara da shi. Gujiya na cikin masu saurin mutuwa saboda man da ke cikinta. Wasu kuma firiji suke sakawa ba tare da busarwa ba, kuran ya ɗauke ya dawo, iri ya jiƙe ya yi funfuna.

Bido ko buhun PICS mai ruɓi uku suna da amfani daga kaka zuwa damina, in iri ya bushe sosai, kuma ba sa buƙatar guba. Ku zuba busasshen gishiri da ɗan iri a kwalba ku girgiza, in gishirin ya manne a jikinta, da sauran shanya. Kafin damina ku ƙirga ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen ƙyalle, ku duba bayan mako guda.

Sai sabuntawa. Hatsi iska ke masa barbara, Zangon da aka shuka gefen HKP zai gauraye a hankali. Ku ware masa gona nesa da sauran, gidajen nan su riƙa karɓa-karɓa kowace damina. Lokacin girbi ku zaɓi zangarniya daga tsakiyar gona, kamar 200 ko fiye, kada ku tsaya ga manya guda goma. Ku raba irin gida biyu ko uku, don gobara ko ambaliyar Gulbi kada ta same shi wuri ɗaya.